Abin da Aka Ciro Daga Wuyan Mai Sikeli

Shagon Mai Sikeli bai fi faɗin tabarma biyu ba. Yana maƙale tsakanin mai sayar da bokitai da mai gyaran waya, a layin da ke bayan kasuwa. In ka leƙa, abin da za ka fara gani shi ne sikeloli rataye a bango: na mahauta mai ƙugiya, na masu hatsi mai faranti, na asibiti da ake ɗora jarirai, har da na tsayawa, wanda mutum ke hawa ya sauko yana jin haushin kansa. A ƙarƙashin tebur akwai akwatin katako mai ɗauke da duwatsun awo na tagulla, gadon mahaifinsa. Kusa da akwatin kuma jarkar ruwa ce. Ita ma kusan gado ce, don tun zamanin mahaifin ba a taɓa raba teburin nan da jarka ba.

Mutumin yana da ƙa'ida ɗaya da duk layin suka sani. Duk abin da ya ciro daga cikin sikelinka, ko sifirin ne da ya saki, ko noti ne da ya cinye, sai ya naɗe shi a takarda ya miƙa maka tare da sikelin. Kana so, ba ka so, sai ka karɓa. "Kayanka ne," in ji shi. "Da shi ka zo. In ka je gida ka duba, ka san abin da ya cuce ka." Akwai wani mahauci da ya taɓa jefar da nasa a kwatar bakin shago, a kan idonsa. Mai Sikeli ya sauko ya tsamo, ya wanke, ya bi shi da shi har rumfarsa. An daɗe ba sa gaisawa, amma har yau mahaucin ba ya kai sikelinsa ko'ina sai can.

Saurin fushi kuwa ba a magana. Sai dai ba wanda ke ganin laifinsa sosai, don an san inda ya samo. Mahaifinsa, wanda kowa ke kira Tsoho tun bai tsufa ba, haka yake: shan ruwa ba ƙaƙƙautawa, ciwon baya, da faɗa a kan abin da bai kai ya kawo ba. Ƙodarsa ce ta tsaya daga ƙarshe. Ya rasu a ranƙwafe, 'ya'yansa manya da gemunsu suna tsoron jin tarinsa. A gidan an haɗa abubuwan nan uku an yi musu suna, ana ce musu halin gida. Yaro in ya cika shan ruwa, a ce ya ɗauko gida. In ya daka tsawa, a yi dariya a ce ga Tsoho ya dawo. Ba wanda ya taɓa tunanin kai hali asibiti.

'Ya'yansa biyu ne. Babbar mace ce, malamar firamare, a gida Ashana ake ce mata, don ƙyastawa ɗaya take kamawa. Ita da ubanta in suka zauna cin abinci, uwar gidan sai ta janye kofuna daga tsakaninsu. Sukan yi musu a kan gishiri, a kan labarai, a kan wanda ya bar ƙofa a buɗe, su tashi kowa yana huci, kuma kowa ya san ita ce 'yar gaban goshinsa. Ƙaramin namiji ne. Sunansa ya ɓace tun yana yaro a ƙarƙashin Ina-Zuwa, saboda ita ce amsarsa ga kowane kira. Kuma yana zuwan, sai dai bayan ka manta ka kira shi.

Wannan ɗan shi ne ciwon da Mai Sikeli ba ya faɗa wa kowa. Da ya gama makaranta ya zaunar da shi a tebur don ya koyi sana'a, ya gaji akwatin duwatsun tagulla. Saurayin yakan ɗora dutse a faranti, ya zuba wa allurar sikeli ido, ya zauna. Uban yana gefe yana tafasa. Wata rana ya fizge sukudireba daga hannunsa ya ce, "Tashi. Ba za ka iya ba." Ya kuwa tashi. Bai yi fushi ba, bai mayar da magana ba, ya sami aiki a wani shagon wanki da guga a ɗaya gefen gari, ya kama ɗakinsa can. Duk ranar hutu yakan zo ya durƙusa ya gaida ubansa, ya ci abincin uwarsa, ya yi barci a kan kujera. Da ma faɗa ya yi, da abin ya zo wa uban da sauƙi. Shekaru suka tafi, kujerar da ke ɗaya gefen tebur ta zama wurin ajiye tsumma, kuma duk lokacin da Mai Sikeli ya buɗe akwatin sai ya dubi kujerar ya kau da kai.

Ciwon ya kama shi ne da hantsi, yana tsaka da kwance sikelin wata mai sayar da kifi. Wani abu ya soke shi a kwiɓi, ya zarce har mara, ya tsinci kansa a ƙasa yana riƙe da ƙafar tebur. Mai bokitai da mai gyaran waya ne suka cicciɓe shi zuwa asibiti, yana yi musu faɗa a hanya cewa ba su rufe akwatinsa ba. Hoto ya nuna tsakuwa a ƙoda. Aka ba shi magani, aka yi masa ƙarin ruwa, tsakuwar ta fita da kanta bayan ta gwada masa iyakarsa. Ya ɗauka an gama, har ya sa takalmi, sai wata likita ta zo da sakamakon jini a hannu ta ja kujera ta zauna.

Ba ta kai 'yarsa shekaru ba, ga gilashi yana zamo mata a hanci. Ta tambaye shi shan ruwa, ta tambaye shi ciwon baya, ta tambayi abin da ya yi ajalin mahaifinsa. Da ta zo kan saurin fushi, matarsa ce ta amsa kafin ya buɗe baki.

"Baba," in ji likitar, "a bayan maƙogwaronka akwai wasu 'yan tsoka huɗu, kowace ba ta wuce ƙwayar shinkafa ba. Aikinsu su auna kalsiyam da ke cikin jini, wato sinadarin da ƙashi ke ginuwa da shi. In ya yi ƙasa, su aika a ɗebo daga ƙashi. In ya isa, su yi shiru. Naka sun daina jin ya isa."

Ya dube ta. "Wato sikeli ne."

"Kusan haka."

"Ba ya komawa sifili."

Ta yi murmushi ta gyara gilashinta. "A jikin kowace tsoka akwai 'yan ma'aunai masu jin kalsiyam. Umarnin ƙera su yana cikin ƙwayoyin gado da kowa ke samu daga iyaye. Amma a rubuta umarni daban, a karanta shi daban. A irin ciwon gidanku akwai wani kuskure a gadon da ke sa tsokar ta kumbura, in ta kumbura kuma sai ta rage karanta wancan umarni, ma'aunan su yi kaɗan. Sai ta yi ta kira a kawo, a kawo, alhali jini ya cika ya batse. Ƙashi yana zarewa, ƙoda tana tara tsakuwa, mutum yana ƙishirwa. Kan mutum ma yana nauyi. Wani ya zama mafaɗaci, wani gajiya ce kawai."

Ƙarshen maganar bai shiga kunnensa ba, don a kan "mafaɗaci" hankalinsa ya tsaya. Matarsa kuwa ta ji duka, ta ajiye a ranta.

Aka sa ranar tiyata. Kafin ranar likitar ta nemi izininsa. Ta ce suna bincike a kan irin wannan tsoka, suna duba waɗanne umarni take karantawa, waɗanne ta yi watsi da su, ko a gane abin da ke kurmantar da ita. Tana so ya bar musu abin da za a ciro. Nan fa aka yi ta. Mutumin da ya bi mahauci da ruɓaɓɓen noti har rumfa, shi za a ce ya bar kayansa a hannun mai gyara?

"Likita, ba haka ake aiki ba. In an ciro, a ba mai kaya kayansa."

"Ka kai gida ka yi me da ita, Malam?" in ji matarsa. "Ka sa a akwatin Tsoho?"

Likitar ta kama hannunsa na hagu ta juya shi, ta ɗora yatsa ƙasa da gwiwar hannu. "Ai ba duka za mu riƙe ba, Baba. Jiki ba ya zama lafiya babu ita sam. Za mu ciro huɗun, mu yanki ɗan kaɗan daga wadda ta fi dama, mu dasa maka a nan cikin naman hannu. A nan za ta kama ta ci gaba da aiki. In wata rana ta sake kumbura, a hannu za mu neme ta, ba sai an koma wuya ba."

Ya daɗe yana kallon wurin da ta taɓa. Daga nan ya ce, "Yanzu na ji magana. Sauran ku riƙe, amma sai na gani da idona." Ta cika alkawari. Bayan ya farfaɗo ta kawo masa 'yar kwalba, ga wasu abubuwa ja-ja a ciki, babbar ba ta fi ƙwayar wake ba. Ya ɗaga kwalbar sama, ya juya ta, kamar yadda yake duba sifirin. Abin ya ba shi haushi ƙwarai, a ce ɗan wannan ne ya juya gida guda tun zamanin ubansa.

Kwanakin farko bai ji daɗi ba. Leɓɓansa da yatsunsa suka riƙa tsikari, sai da aka ɗora shi a kan ƙwayoyin kalsiyam kafin dashen hannu ya kama. Amma wata safiya ya tashi ya ji kansa wasai, irin yadda bai taɓa sanin kai yana yi ba. Ya sunkuya ɗaura takalmi ya miƙe bai yi nishi ba. A shago jarka ta yini ba ta kai rabi ba. Wani yaro ya buga ƙwallo ta faɗo kan teburinsa ta watsar da notuna, ya ɗauka ya jefa masa, ya ci gaba da aiki. Mai bokitai ya leƙo ya tambaya ko lafiya.

A ranar ce ya zauna ya tuna Tsoho. Ya tuna yadda yake dafe baya in zai tashi, yadda yake kai kofi baki ba ƙaƙƙautawa, yadda suke gudu ɗaki in sun ji takunsa. Ashe mutumin ciwo yake, rayuwarsa duka, ba wanda ya taɓa ce masa sannu. Mai Sikeli ya ja ƙyauren shago ya rage kaɗan, ya yi kuka irin na manya, mara sauti. Tausayin ubansa ne ya kama shi, abin da bai taɓa ji ba ko ranar da aka binne shi.

Da ya koma asibiti a duba ɗinki, likitar ta ce gwajin gado ya tabbatar da zarginta. Kowane ɗa da ya haifa yana iya ɗauka, yana iya tsira, rabi da rabi ne. Ta ce ya kawo su duka a ɗebi jini.

"Ba sai an wahalar da ku ba," in ji shi. "Na san wadda ta ɗauka."

Tun daga nan ya sa Ashana a gaba. Mutum in ya warke daga abu, sai ya riƙa ganinsa a jikin kowa, kuma Mai Sikeli ya yi nisa a wannan. Direban da ya yi masa tsawa a titi, wuyansa ne. Mahauci, wuyansa ne. 'Yarsa kuwa ba ya ko tantama. Yakan kira ta a waya tana cikin aji. In ta zo gida ya riƙa leƙen wuyanta, yana lissafa mata kofunan ruwan da ta sha. In ta ɗaga murya ya girgiza kai cikin tausayi, abin da ya fi komai ƙona mata rai.

"Baba, wai an ce maka ba ni da lafiya ne?"

"Ni ma haka na ce shekara da shekaru."

"To yanzu duk maganar da na faɗa a gidan nan, ba ni ba ce, wuyana ne?"

"Ga shi kuwa kina nunawa."

Ta ɗauki jakarta ta fita, ƙofa ta yi ƙara. Ya juya ga matarsa da fuskar wanda aka ba gaskiya. Ita tana tsince shinkafa a faranti, ba ta ɗago ba.

"Likita cewa ta yi duka biyun, Malam."

"Wane biyun? Ina-Zuwa? Wannan ai ko fushi ƙyuyar yinsa yake. Kin taɓa jin muryarsa daga nan zuwa ƙofa?"

"Na dai ga yawan ruwan da yake sha."

"Mutumin da ke yini a kan dutsen guga, me zai sha in ba ruwa ba? Ki bar wannan maganar. Shi naki ya ɗauko, sanyin nan."

Ta ci gaba da tsintar shinkafarta. Ta daɗe da sanin cewa ba a tare mijinta ta gaba. Da yamma ta kira 'yarta, suka yi maganarsu ta uwa da 'ya. Washegari Ashana ta aiko wa ubanta da sharaɗi: za ta je, amma ba za a mayar da ita ita kaɗai mara lafiyar gida ba, sai dai a tafi da ƙanenta. Mai Sikeli ya ce a tafi da shi mana, ya riƙe mata jaka. Haka aka yi. Ina-Zuwa ya zo a makare, da ƙamshin sabulu a jikinsa, ya miƙa hannu aka ɗebi jini, ya yi gyangyaɗi a benci kafin a gama da yayarsa.

Ranar karɓar sakamako ma bai samu zuwa ba, aiki ya yi masa yawa, ya yi wa likita waya ya ce a faɗa wa iyayensa da yayarsa. Mai Sikeli ya shiga ofishin da guzurin lallashi a bakinsa, har ya shirya yadda zai nuna wa 'yarsa tabon hannunsa ya ce mata ba zafi. Likitar ta dubi Ashana ta ce, "Malama, ke ba ki ɗauka ba. Kalsiyam ɗinki daidai yake, gadon ma babu shi a jikinki. Ke da 'ya'yanki kun fita."

Ashana ta juyo a hankali ta dubi ubanta.

"To ni nawa faɗan daga ina, Baba?"

Uwar ce ta ce, "Daga teburin cin abinci. Ina zaune kika koya."

Ashana ta fashe da dariya, dariyar ta juye ta zama hawaye, ta kama hannun uwarta. Amma likitar ba ta gama ba. Ta ce na ƙanen Ashana ne ya nuna. Ya ɗauki gadon, kuma kalsiyam ɗinsa ya haura wanda aka samu a jikin uban ranar da aka kawo shi. Tana so a yi masa hoton ƙoda ba tare da ɓata lokaci ba. Ta ce, "Na faɗa maka, Baba, ba kowa ciwon ke sa wa faɗa ba. Wani gajiya ce kawai."

Mai Sikeli ya ce shi zai je ya faɗa masa. Bai taɓa taka shagon wankin nan ba, sai da ya yi tambaya sau biyu a hanya. Ɗaki ne dogo mai zafi, injuna suna juyi a baya, riguna rataye a jere cikin leda. Can ƙurya ya hango ɗansa a tsaye gaban tebur. Ya tsaya daga bakin ƙofa bai yi sallama ba tukuna. Ya ga yadda yake shimfiɗa rigar wani, ya bi kafaɗa, ya bi wuya, ba ya barin ko layi ɗaya a karkace. Ya ga ya ajiye dutsen guga, ya dafe bayansa da hannu biyu, ya miƙe a hankali. Sai ya sunkuya ƙarƙashin tebur ya jawo jarka.

Dafe bayan nan, Mai Sikeli ya san shi. Ya girma yana kallonsa.

"Baba? Lafiya?" Ɗan ya goge hannu ya durƙusa.

"Tashi, tashi. Bayan nan naka, tun yaushe?"

"A'a, ba komai. Tsayuwa ce."

"Na ce tun yaushe."

Ya yi ɗan tunani, kamar yadda ya saba. "Tun ina shago wajenka, ina jin. In na zauna sai in ji kamar an ɗora mini buhu a ka. Na ɗauka haka kowa yake ji, su dai sun fi ni ƙoƙari ne."

"Me ya sa ba ka faɗa ba?"

"Ai kai ma bayanka na ciwo, kuma kana aikinka."

Uban ya nemi wurin zama, ya sami wani kwandon wanki ya kife ya zauna a kai. Ya naɗe hannun rigarsa ya nuna masa tabon. Ya yi masa bayanin 'yan tsoka huɗu, da ma'aunan da suka yi kaɗan, yana yi yana tuntuɓe, don likita ta fi shi iya faɗa. Daga ƙarshe ya ce, "Sannu." Ɗan ya ce, "Yauwa, Baba," yana mamakin abin da aka yi masa sannu a kai.

Hoton ya nuna 'yan tsakuwoyi ƙanana, amma ƙodar ba ta taɓu ba. An zo a kan lokaci, in ji likita. Aka yi masa irin aikin ubansa, a wuya da hannun hagu. Da ta nemi izinin riƙe tsokar don bincikensu, ya ce su riƙe duka, shi me zai yi da ita. Uban da ke gefe ya buɗe baki, matarsa ta dube shi, ya rufe. Shi ne ya yi jinya, shi ke miƙa ƙwayoyi, shi ke tambayar ko leɓe na tsikari. Ashana tana zuwa bayan an tashi makaranta ta yi faɗa da nas a kan labule. Yanzu in ta ɗaga murya ba mai girgiza mata kai. Ta ce tunda nata na koyo ne, za ta gwada ajiye shi, amma kada a ƙaga.

A ransa Mai Sikeli ya sa ran ganin sabon mutum. Yana jiran ranar da zai kira ɗansa ya ga ya zo a guje. Ranar ba ta zo ba. Gyangyaɗin ya tafi, idonsa ya washe, ya yi ƙiba kaɗan, har dariyarsa aka fara ji daga tsakar gida. Amma in ka kira shi, ina zuwa ce dai. Yana cin abinci a hankali, yana sa takalmi a hankali. Gajiyar ce ta ciwo. Sanyin nasa ne, likita ba ta same shi a wuya ba balle ta ciro.

Wata ranar hutu, bayan ɗinki ya warke, Ina-Zuwa ya biyo ta shago zai karɓi mabuɗin gida. Ya tarar da ubansa yana fama da sikelin jarirai na wani ƙaramin asibiti, mai laushin allura, wanda numfashi ma ke motsa shi. Uban ya gyara, ya ɗora dutse, ya sake kwancewa, abin ya ƙi zama. Mai Sikeli bai dubi ɗansa ba. Ya miƙa hannu ya kwashe tsumman da ke kan ɗaya kujerar, ya zuba a ƙasa, ya ci gaba da abin da yake yi.

Ɗan ya dubi kujerar. Ya ɗan jima a tsaye, sannan ya zauna. Ya naɗe hannun riga, uban ma nasa a naɗe yake, tabo biyu a kan tebur ɗaya. Ya jawo akwatin duwatsun tagulla, ya zaɓi ƙaramin dutse, ya goge shi da gefen rigarsa, ya ɗora a faranti. Allura ta tafi, ta dawo, tana rawa. Uban ya ga kamar ta wuce layi, hannunsa ya kai kan sukudireba.

"Baba, bari ta tsaya tukuna."

Mai Sikeli ya janye hannunsa ya ɗora a cinya. A waje mai bokitai yana ciniki, wani yana gwada ƙarar waya. Su biyu suka zuba wa allurar ido. Ta yi rawa, ta rage, ta sake ragewa, ta zo ta kwanta a kan layi daidai. Uban ya tura sukudireban zuwa ɗaya gefen tebur, ya ce akwai wani na mai kifi a bango, in ba sauri yake ba.